Yadda za ka daidaita lokacin cin abinci da agogon jikinka

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana damuna a garin nan namu na Damagaram, yadda muka maida cin abinci mai nauyi sai tsakar dare. Ka zaga Zango ko bakin tasha wajen ƙarfe 11 ko 12 ka ga layi gaban mai shayi, burodi da mayonez da omlet, ga taliya ga tsire, a koma fada a ɗora shayi na ɗaya na biyu na uku kowanne cike da sukari, da safe kuma mutum ya tashi ciki a cushe ya ce shi ba ya iya karyawa sai azahar. Ni ma haka nake da, sai da analiz na jini ya nuna sukarin yayana ya hau hankalina ya tashi na fara bin maganar.

Ashe jiki yana da agogo nashi. Babban yana cikin ƙwaƙwalwa, hasken da ke shiga ido ne yake saita shi, amma hanta da hanji da pankiriyas, wato gaɓar da ke fitar da insulin mai rage sukarin jini, su ma kowanne da ƙaramin agogonshi, su kuma lokacin da abinci ya shigo suka fi bi. A 2017 wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka ci kyautar Nobel kan gano yadda agogon nan yake aiki. Da safe zuwa rana jiki ya fi saurin kwashe sukari daga jini, in dare ya yi sinadarin barci melatonin ya tashi sai fitar insulin ta ragu, kenan kwanon shinkafar da ka ci ƙarfe 1 na rana da wanda ka ci 12 na dare ba daidai jiki yake karɓarsu ba, na daren sukarinshi ya fi daɗewa cikin jini. Ido ya ce ma ƙwaƙwalwa dare ya yi, kai kuma ka tada hanta aiki.

To ya za a yi? Ni da lokutan salla nake lissafi, don su ne agogon da ba ya ɓace mana. Bayan asuba in gari ya waye ka fita ka sha hasken safe ko na minti 15 ne, ko sharar ƙofar gida ko takawa zuwa sayen ƙosai, hasken nan shi ke gaya ma agogon ƙwaƙwalwa an fara sabuwar rana. Sai ka karya, kuma kar ya zama ruwan shayi zalla. Koko da ƙosai, ɗumamen tuwo, ƙwai, wake, abin da zai riƙe ka. Kwanakin farko ba za ka ji yunwa ba don cikin ya saba da na dare, ka ci kaɗan haka nan, a hankali yunwar safe za ta dawo.

Abinci mafi nauyi a kai shi rana, wajen azahar. Na san za a ce zafi, gaskiya ne watan Afrilu da Mayu in rana ta wuce digiri 40 ba mai son ganin tuwo, shi ya sa ake ture komai sai dare. Amma ai muna da hura da nono, muna da dambu da kopto na zogale da ƙuli, sai dai a rage sukarin hurar dan Allah. A Sifen an bi mutum 420 masu neman rage ƙiba, sakamakon ya fito 2013, waɗanda ke cin abincin rana bayan ƙarfe 3 ba su rage nauyi kamar masu ci da wuri ba, alhali yawan abin da suke ci kusan ɗaya ne.

Sai na dare, nan ne wuyar take. Tuwon dare a ci shi tsakanin magariba da lisha kamar yadda kakanninmu suke yi, malmala ɗaya da miyar kuka ko kuɓewa ta isa, daga nan a rufe baki sai ruwa, a bar awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. In ka gama ƙarfe 8 ka karya ƙarfe 7 ko 8 na safe ka ba cikinka hutun awa 11 zuwa 12 ba tare da ka ji kana wani azumi ba. Uwargida, wannan a hannunki yake sosai, in aka ɗora tukunya bayan la'asar an gama magana, maigida kai kuma kar ka bar abinci a rufe yana jiranka har ƙarfe 11.

Ban ce a daina zuwa fada ba, zumunci ne. Amma kafeyin da ke cikin shayi da Nescafe yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinshi ya bar jini, don haka mai kaurin nan na ɗaya a sha shi da rana, da dare in dole ne ka karɓi na uku ko ka ce an gode. Waya ma a ajiye ta kafin barci, haskenta da hirar WhatsApp su ke ja mutum har 2 na dare, kuma wanda bai yi barci ba yunwa za ta same shi.

Kar ka juya komai rana ɗaya, ka riƙa jawo abincin dare baya da rabin awa duk bayan kwana uku ko huɗu, kuma ka riƙe lokacin har ranakun hutu.

Masu aikin dare, gardi da ma'aikatan likita da direbobin bus na hanyar Yamai, ku ci mai nauyin kafin ku kama aiki, tsakar dare ku tsaya kan ruwa da gyaɗa ko dabino kaɗan. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, da mai juna biyu da mai shayarwa, kar ku tsawaita zama ba ci sai kun tambayi likita, don sukari yana iya faɗuwa mutum ya suma.