Darasi na 7: Jari Daban, Kuɗin Cefane Daban

Mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa takan wuni tana suya da matsa, kaya su ƙare tas, amma bayan wata biyu sai ta ga kuɗin sayen gyaɗa sun gaza. Ciniki yana nan. Jarin ne ake gutsura kaɗan-kaɗan: yau cefane, gobe gudummawar biki, jibi maƙwabciya ta karɓi kwalbar mai bashi.

Uwargida, samu ƙaramin littafi da biro. Duk ranar da kika yi aiki, ki rubuta abin da kika kashe, har da wanda ake rainawa. A misali, kin sayi gyaɗa ta naira 20,000, niƙa 1,500, itace 2,000, leda da kuɗin mota 1,500. Jimilla 25,000. Mai da ƙuli suka kawo 31,000. Ribarki 6,000 ce. Wadda ta tuna kuɗin gyaɗa kaɗai za ta ɗauka ta ci 11,000, ta kashe su, alhali 5,000 daga jarinta ta ciro. A nan sana'o'i da yawa suke mutuwa, kuma abin takaici ne, domin wahalar an riga an sha ta.

Daga ribar ki yanka wa kanki rabonki. Jari kuwa ki ajiye shi wuri dabam. Wanda ya karɓi bashi, ki rubuta sunansa da rana, ko da ɗan'uwa ne.

Sai batun gasa da sauran masu sana'a. Gyaɗa tana araha lokacin kaka. In kun haɗa adashi ku biyar ko shida, za ku iya sayen buhu a babbar kasuwa irin Dawanau ta Kano, maimakon awon kwano kullum. Ku tabbata ta bushe sarai kafin ajiya, don gyaɗar da ta yi fumfuna tana cutar da hanta. Ki tace manki, ki zuba a kwalba mai tsabta, awonki kada ya riƙa canzawa.

Manyan kantuna sukan nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kaya. Rajistar sunan sana'a a hukumar CAC ake yi, hukumar SMEDAN kuma, wadda aka kafa a 2003, tana horar da masu ƙananan sana'o'i.

Aikin gida: ki rubuta kashewa da cinikinki na kwana 7, ki cire wancan daga wannan, ki zo da littafin aji mu duba tare.