Kurakuran da ke hana matasan karkara cin gajiyar rancen gwamnati

Duk lokacin da gwamnati ta sanar da sabon shirin ba da rance ga masu ƙananan sana'o'i, ƙorafi ɗaya ake ji daga ƙauyukanmu, wai sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Ƙorafin yana da tushe, domin bankin da ya fi kusa yakan kasance a hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma ana cike fom ɗin ne ta intanet a wuraren da sai an hau tudu ake samun sabis. Amma shekarun da na yi ina riƙe da littafin wata ƙungiyar manoma sun nuna mini cewa akwai ƙofofin da matasa ke rufe wa kansu da hannunsu.

Na farko shi ne miƙa lambar BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, ga dillali. A shekarar 2020, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 domin rage raɗaɗin korona ta hannun bankin NIRSAL, gwamnati kuma ta kafa asusun naira biliyan 75 na matasa masu shekara 18 zuwa 35, sai wasu mutane suka riƙa zama da kwamfuta a ƙarƙashin rumfa ranar kasuwa suna karɓar lambobin jama'a. Dillalin zai cike fom da sunanka, amma ya sa lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa, saboda haka shi ne zai fara sanin cewa an amince, shi ne kuma zai yanka maka abin da ya ga dama ya ce rabonka ke nan. Matashi ya karɓi guntu yana godiya, alhali bashin gaba ɗaya yana wuyansa. Abin da nake yi shi ne ba na barin a cike wa kowa fom sai yana zaune a wurin, da layin da aka yi rajista da sunansa, kalmar sirri kuma ya rubuta ta a takarda ya tafi da ita gida.

Na biyu ya fi ci mini rai, wato ɗaukar rance a matsayin kyauta. Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na ba ƙananan manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, an sha ganin takin zamani da injin ban-ruwa da aka bayar bashi suna bayyana a kasuwa kafin damina ta kankama, masu sayarwa suna cewa ai rabonsu ne na arzikin ƙasa. Wannan magana ta banza ce, kuma ta jawo wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba asara. A ƙungiyarmu mun taɓa tsaya wa juna a kan wani rancen noman shinkafa, sai wani yaro ya karɓi nasa ya haɗa lefe, ya sayi babur da ragowar. Da lokacin biya ya yi, ya ɗauki jakarsa ya tafi cirani, aka hana mu duka sabon rance, sai da na sayar da bijimin huɗata muka cike giɓin. Mahaifinsa ya zo yana cewa a yi haƙuri yaro ne. Wanda ya isa aure ya isa biyan bashi! Masu tunanin gudu su sani cewa tun watan Agusta na 2020 akwai ƙa'idar da ta ba banki damar cire kuɗinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗin wanda ya ƙi biya, ko da a wani bankin ne. Ni dai yanzu ba na sa hannu wa kowa sai ya faɗa mini watan da zai fara biya da kuma abin da zai sayar ya biya idan amfanin gona ya ƙi.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna kayar da mutum. Sunan da ke kan BVN ya saɓa da na katin ɗan ƙasa, nan Muhammadu can Mamman, kuma ba a gyara ba sai ranar da za a rufe karɓa. Ana sayen tsarin kasuwanci a shagon kwamfuta, sai ka ga matasa da dama sun kai takarda iri ɗaya ta kiwon kaji, ciki har da wanda sana'arsa ɗinki ce. Wasu sun nemi rancen AGSMEIS na harkar noma da ƙananan sana'o'i ba tare da halartar horon da aka wajabta ba.

Batun kuɗin ruwa kuwa damuwa ce ta gaskiya, kuma ba na ganin laifin wanda ya ja da baya saboda addininsa. Kuskuren shi ne barin neman ba tare da tambaya ba, domin tun 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin rance marar ruwa na wasu daga cikin shirye-shiryensa, ga kuma bankuna irin su Jaiz da TAJ. Sannan tun ƙarshen 2023 Babban Bankin ya janye jiki daga irin wannan rance, don haka saƙon WhatsApp da ke cewa an sake buɗe tsohon shiri, a tura kuɗin fom, kada a taɓa shi sai an je reshen banki ko ofishin jiha na SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, an tabbatar.