Yadda za ka duba canji kafin ka sari kaya a Maraɗi

Ɗan'uwa, kafin ka ɗaure buhun wake ko aya zuwa Jibiya, fara tambayar 'yan canji: jika guda naira nawa yau? Ni da wannan tambaya nake karya kumallo.

Sefa tamu a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kowane yuro guda, kuma BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa da ke Dakar, ke riƙe da linzaminta. Naira kuwa an sake ta tun watan Yuni na 2023, sai ta faɗi warwas. In ta faɗi, kayan Kano sun yi maka araha, ka saro. Amma wakenka da ragunanka sun yi wa ɗan Najeriya tsada, zai ja baya. Lokacin nan kada ka yarda da bashi a naira. A biya ka hannu da hannu, ka canza ran nan.

Sannan ka kasa kunne ga kuɗin ruwa. In BCEAO ta ƙara, rancen banki zai yi nauyi, ka rage sari. Kuɗin duwan da lanho ma ka sa su cikin lissafi tun daga gida, don a kan iyaka, a Ɗan Isa, ba a yin ciniki a kansu.