Darasi na Tara: Lula na Barazil, Yaron da Ya Koyi Karatu a Makare

Malam ko malama za su fara karanta kowane sashe da ƙarfi, ɗalibai suna bin layi da yatsa. Daga nan sai kowa ya karanta jimla biyu ko uku. Wannan darasi cike yake da shekaru da lambobi, saboda haka kowa ya ajiye fensir da littafin rubutu kusa da shi.

Barazil ita ce ƙasa mafi girma a nahiyar Kudancin Amurka. Mutanenta sun haura miliyan 200, harshensu Fotugis, babban birninsu Brasilia. Mutumin da za mu karanta tarihinsa shi ne Luiz Inacio Lula da Silva, amma duk duniya da Lula aka san shi. Sau uku ana zaɓensa shugaban ƙasa.

Tafiyar kwana goma sha uku

An haifi Lula ran 27 ga Oktoba, 1945, a Caetes cikin jihar Pernambuco, arewa maso gabashin Barazil. Yanki ne na fari da ƙarancin ruwa. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas da suka rayu wa mahaifiyarsa, wadda ake kira Dona Lindu. Ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubutu ba. Tun Lula yana jariri uban ba ya gida, ya tafi kudu yana dako a tashar jiragen ruwa ta Santos.

A watan Disamba na 1952 Dona Lindu ta sayar da ɗan abin da take da shi, ta kwashi yara suka hau bayan babbar mota mai bencin katako, suka nufi jihar Sao Paulo. Nisan ya wuce kilomita 2,000. Kwana 13 suka yi a hanya. Da suka isa, sai ta tarar mijin ya kafa wani gida da wata mace. Ta yi haƙuri na 'yan shekaru, sannan ta rabu da shi, ta koma birnin Sao Paulo da 'ya'yanta, suka tare a ɗaki ɗaya bayan wata mashaya.

Lula ya yi tallan gyaɗa da lemo, ya yi shushaina a bakin titi. Sai da ya kai wajen shekara 10 kafin ya iya karatu, kuma bai wuce firamare ba. Abin da ya ɗaga shi makarantar koyon sana'a ce ta SENAI, inda ya koyi aiki da injin sassaƙa ƙarfe. Da takardar shaidar wannan sana'a ya shiga masana'anta. A 1964 inji ya datse masa ƙaramin yatsan hannun hagu yana bakin aiki. In kuka ga hotonsa yana ɗaga hannu, ku duba, yatsu huɗu ne. A 1971 matarsa ta fari, Maria de Lourdes, ta rasu da tsohon ciki, ɗan ma bai rayu ba.

A dakata a nan a rubuta. Kowa ya kwafi wannan jimla sau biyu: An haifi Lula a 1945. Sannan ya rubuta irinta a kan kansa ko a kan ɗansa. Wanda bai san shekarar haihuwarsa ba ya faɗi wani babban abu da ya faru a lokacin, aji su taimaka masa a ƙiyasta. A 1952 shekarun Lula nawa? A cire 1945 daga 1952.

Daga masana'anta zuwa jam'iyya

Sojoji sun karɓe mulkin Barazil a 1964, ba su sauka ba sai 1985. A zamaninsu yajin aiki kusan haramun ne. Wani yayan Lula ne ya ja shi cikin ƙungiyar ƙwadago, da farko ma ba da son ransa ba. A 1975 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta Sao Bernardo do Campo da Diadema, yankin da manyan kamfanonin ƙera motoci suke.

A 1978, 1979 da 1980 ya jagoranci manyan yajin aiki kan albashin da tsadar rayuwa ta cinye. A 1979 dubban ma'aikata suka cika filin ƙwallo na Vila Euclides, babu lasifika. Lula ya hau tebur yana magana, na gaba suna maimaita wa na bayansu, su ma su miƙa wa na baya, har maganar ta kai ƙarshen fili. A 1980 aka kama shi, ya yi kwana 31 a tsare. Yana ciki Dona Lindu ta rasu. Da rakiyar 'yan sanda ya je jana'izarta.

A wannan shekara, ran 10 ga Fabrairu, shi da abokan gwagwarmayarsa suka kafa Jam'iyyar Ma'aikata, wato PT. Ya nemi gwamnan Sao Paulo a 1982, ya sha kaye. A 1986 ya ci kujerar majalisar tarayya da ƙuri'un da suka fi na kowane ɗan majalisa a ƙasar. Sannan ya nemi shugabancin ƙasa a 1989, Fernando Collor ya kayar da shi. Ya sake nema a 1994 da 1998, Fernando Henrique Cardoso ya kayar da shi duka biyun. Abokan hamayya suna yawan yi masa gorin rashin digiri, suna kwaikwayon yadda yake magana irin ta talakawa.

Akwai abin da ya kamata ɗaliban yaƙi da jahilci su riƙe a nan. Daga 1881 har zuwa 1985, dokar Barazil ta hana wanda bai iya karatu ba jefa ƙuri'a. Ke nan Dona Lindu ta rayu ta mutu ba ta da wannan 'yanci. Ta tsallaka da yara rabin ƙasa, ta ciyar da su, ta rene wanda zai shugabanci ƙasar, amma doka ta ce ba ta isa ta zaɓi ko kansila ba. A ganina wannan zalunci ne ninki biyu: hukumar da ba ta gina mata makaranta ba ita ce ta hukunta ta kan rashin karatu. Yau wanda bai iya karatu ba yana zaɓe a Barazil, sai dai tsarin mulkin 1988 bai ba shi damar tsayawa takara ba.

Lissafi: shekara nawa ke tsakanin 1881 da 1985? Sau nawa Lula ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa? A rubuta shekarun a jere, daga ƙarama zuwa babba.

Kati a hannun uwa

A karo na huɗu, a Oktoban 2002, Lula ya kayar da Jose Serra da kusan kashi 61 cikin 100 na ƙuri'u. Ranar da hukumar zaɓe ta miƙa masa takardar shaidar cin zaɓe ya yi hawaye a bainar jama'a, ya ce shi da aka daɗe ana yi wa gorin rashin takardar jami'a, ga babbar takardarsa ta farko, ta shugabancin ƙasa. Ya kama aiki ran 1 ga Janairu, 2003.

Alkawarin da ya sa a gaba mai sauƙin faɗi ne: kowane ɗan Barazil ya ci abinci sau uku a rana. Ya buɗe shirin yaƙi da yunwa mai suna Fome Zero. A Oktoban 2003 ya haɗe wasu tsare-tsaren tallafi, waɗansu tun na gwamnatin Cardoso, suka zama shiri guda, Bolsa Familia. A karanta yadda yake aiki a tsanake, domin nan ne zuciyar darasin.

Iyali matalauta suna yin rajista a ƙaramar hukumarsu. Gwamnati ta ba su kati, kuma galibi da sunan uwa ake yin katin. Duk wata sai ta je ta cire kuɗin da kanta daga bankin gwamnati na Caixa, ba ta hannun ɗan siyasa ba, ba ta hannun wani mai tsaka-tsaki ba. Amma da sharaɗi. A tsarin farko, yaro mai shekara 6 zuwa 15 dole ne ya halarci aƙalla kashi 85 cikin 100 na kwanakin makaranta. Ƙananan yara dole a kai su rigakafi. Mai ciki dole ta je awo. In aka yi sakaci, a fara da gargaɗi, in abin ya ci gaba a dakatar da kuɗin. Zuwa 2010 iyalai fiye da miliyan 12 suna karɓa.

Kuɗin ba su da yawa, ba sa mai da kowa attajiri. Amfaninsu shi ne uwa ta san ranar da za su zo, sai ta iya cire yaro daga talla ta tura shi aji. Wanda ya yi tallan gyaɗa yana ƙarami ya san abin da ke hana yaro makaranta: sau da yawa ba ƙin boko ba ne, cinikin yinin ne gida ba zai iya rasawa ba. Masu suka sun ce shirin sayen ƙuri'un talakawa ne, wasu suka ce zai koya wa mutane zaman kashe wando. Gwamnatocin da suka biyo baya, har da na abokan hamayyarsa, ba wanda ya soke biyan kuɗin, sai dai sauya suna.

A 2003 ɗin kuma aka buɗe shirin koyar da manya karatu, Brasil Alfabetizado, da shirin kai wutar lantarki ƙauyuka. A ƙarshen 2005 Barazil ta biya asusun ba da lamuni na duniya, IMF, bashinsa kafin wa'adi. Gaskiya ne zamani ya taimake shi, don ƙasar Sin tana sayen waken suya da tama na Barazil da tsada. Amma kuɗi su shigo ƙasa daban, su kai ga tukunyar talaka daban. A 2014 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire Barazil daga jerin ƙasashen da ke fama da yunwa.

Muna da alaƙa da wannan ƙasa wadda ba kowa ya sani ba. Cikin bayin da aka kai jihar Bahia akwai Hausawa, kuma sun shiga tawayen bayi a farkon ƙarni na 19. A 1835 Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi bore a birnin Salvador, aka sami takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Barazil ba ta soke bauta ba sai 1888. A Janairun 2003 Lula ya sa hannu a dokar da ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantun ƙasar, a 2005 kuma ya tsaya a tsibirin Goree na Senegal ya nemi gafarar Afirka.

Lissafi: in wata yana da kwanakin makaranta 20, kashi 85 cikin 100 kwana 17 ne. Kwana nawa ke nan yaro zai iya fashi? Ga wata kuma mai ɗan tarko. In aka cire 1945 daga 2003 za a sami 58, amma ran 1 ga Janairu, 2003 shekarun Lula 57. Me ya sa? A duba watan haihuwarsa.

Kurkuku da dawowa

Tarihin ba duka fari ba ne. A 2005 aka bankaɗo cewa manyan jam'iyyarsa suna biyan 'yan majalisa kuɗi don su goyi bayan gwamnati. Kotun ƙoli ta yanke wa wasu na kusa da shi hukunci a 2012, ciki har da Jose Dirceu. Ba a gurfanar da Lula a wannan shari'a ba, amma abin a gidansa ya faru. Duk da haka ya sake cin zaɓe a 2006, ya sauka ran 1 ga Janairu, 2011, ya miƙa wa Dilma Rousseff, mace ta farko da ta shugabanci ƙasar.

A 2014 aka fara binciken wawure kuɗin kamfanin mai na ƙasa, Petrobras. A 2017 alƙali Sergio Moro ya same shi da laifin karɓar gida a Guaruja a matsayin toshiya daga wani kamfanin gine-gine. Lula ya musanta. Ya shiga kurkuku a Curitiba ran 7 ga Afrilu, 2018, ya fito ran 8 ga Nuwamba, 2019. Kwana 580, kuma da karatun littattafai ya cinye yawancinsu. An hana shi takarar 2018, Jair Bolsonaro ya ci, ya naɗa Moro ministan shari'a.

A 2021 kotun ƙoli ta soke hukuncin. A lura da dalilin: ta ce kotun Curitiba ba ta da hurumin sauraron ƙarar, ta kuma ce Moro ya nuna son kai. Ba ta zauna ta sake auna hujjojin ɗaya bayan ɗaya ba. Shi ya sa har yanzu magoya bayansa ke cewa an wanke shi, masu adawa kuma ke cewa sa'a ya yi. Ni dai ina ganin shari'ar da alƙali ya karkata a cikinta ba za ta zama hujja a kan kowa ba, kuma satar da aka yi a Petrobras gaskiya ce ko da wa ya ci.

Ran 30 ga Oktoba, 2022 Lula ya kayar da Bolsonaro da kashi 50.9 cikin 100, ratar ƙuri'u kimanin miliyan 2. Geraldo Alckmin, wanda ya kara da shi a 2006, shi ya zama mataimakinsa. An rantsar da shi ran 1 ga Janairu, 2023 yana da shekara 77. Bayan mako guda magoya bayan Bolsonaro suka afka wa majalisa da kotun ƙoli da fadar shugaban ƙasa, amma gwamnati ta tsaya.

A Barazil da na'ura ake zaɓe. Mai zaɓe zai danna lambar ɗan takara, hotonsa ya fito, sai ya danna koren maɓalli. Lambar Lula 13 ce, ta Bolsonaro a 2022 kuwa 22. Malam ya rubuta 13 da 31 a allo, sannan 22 da 25, kowane ɗalibi ya fito ya nuna wadda aka kira.

Aikin gida: daga 7 ga Afrilu, 2018 zuwa 8 ga Nuwamba, 2019 shekara nawa da wata nawa? A ƙirga watannin a kalanda. Sannan kowa ya ɗauko katin rigakafin ɗansa ko katin zaɓensa, ya nemi suna da kwanan wata a jiki, ya kwafe su cikin littafinsa. A zo da katin da littafin a zama na gaba.