Yadda za ka buga hotonka ba tare da ka zana fuskarka ba

Zaɓi abu ɗaya da hannunka ke taɓawa kullum, shi zai tsaya a madadin fuskarka: za ka sassaƙa hotonsa a jikin roba, ka buga a takarda kamar hatimi. Ni butata na ɗauka, shuɗiya ta roba, wadda bakinta ya ɗan narke tun da aka ajiye ta kusa da murhu. Irin wannan tabon kada ka kuskura ka gyara shi a zane, don shi ya raba butarka da ɗaruruwan da ke jibge a babbar kasuwar Sakkwato. In kuwa hula ce, to a ga karin da kake yi mata.

Ni robar da masu gyaran takalmi ke yin ƙasan takalmi da ita nake sassaƙawa, mai santsi, marar zane. Zana da biro, sannan ka bi da 'yar wuƙa mai kaifi, bakinta na kallon gaba, ɗaya hannun a baya. Inda ka ƙwaƙule zai fito fari, inda ka bari shi zai sha tawada. Kuma komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. In da rubutu, boko ko ajami, duba shi a madubi tukuna.

Nemi tawadar maɗaba'a, mai mai. Ta ruwa, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kafin ka ɗora takarda ta bushe. Murza kaɗan a kan gilashi da rola, wato ɗan abin shafa tawada mai garawa kamar taya, har ta yi laushi, ka shafa wa robar, ka ɗora takarda, ka goge bayanta da bayan cokali a hankali. Ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa kafin ka cire. Da hunturu, a ɗaki za ka shanya, in ba haka ba ƙura ta manne. Kananzir ke wanke kayan.

Maimaitawar ce aikin. Dubi yadda dukawa ke bin jar fata da hatimi ɗaya har ado ya tashi. Butar nan na buga ta ita kaɗai, na buga ta a gindin dogonyaro, na jera ta sahu-sahu, na kifa ta a shekarar da famfon unguwarmu ya ƙafe. Da yayata ta ga na ƙarshen, cewa ta yi, “Kai dai da mita, har a takarda!”

A ƙasan kowanne ka sa lamba da fensir: 3/10 na nufin na uku cikin goma. In ka ce goma, to ka tsaya a goma.