Yadda zaka je bakin dam da mota ka dawo lafiya, baka kafe ba kuma baka taka ɗan kowa ba

Duk sallah haka ake, da an gama kallon hawa sai samari su cika mota a nufi bakin ruwa, wasu Zobe can wajen Dutsinma, wasu Ajiwa tunda ita ce kusa da birni, mutanen Daura kuma ga Sabke ga Daberam. Mu a Katsina bamu da teku, bakin dam da yashin gulbi su ne namu, kuma abinda na lura dashi kowa so yake sai ya kai motarshi har inda taya zata taɓa ruwa, a buɗe but a kunna sauti a yi hoto. Ni ma nayi haka, kuma ranar da nayi ne na daina.

Da rani ne, na ɗauki iyali a ƙaramar motata mai ja da ƙafar gaba, muka iso naga fili fetal ƙasa ta bushe har ta tsattsage, nace ai wannan fako ne na danna. Ban yi taku ashirin ba motar ta zauna har ciki. Wani dattijo masunci yana gyaran komarshi a gefe ya taso yace min "ɗana mi yasa baka tambaya ba, nan wurin wata biyu da suka wuce ruwa ne har ƙirji, sama ce kawai ta bushe ƙasa taɓo ne." Nace Baba wallahi ban sani ba. Sai bayan magariba wata tifa ta masu ɗibar yashi ta fiddo mu, kulocin kuma na riga na ƙona shi wajen taka totur. Amma ba kuɗin gyara ne ya tsaya min a rai ba. Muna cikin haƙa sai wani mai jif kusa damu ya sa ribas zai juya, ashe wata yarinya da bata wuce shekara uku ba tana zaune bayan motar tana wasa da yashi, ihun da uwarta ta kurma ne ya sa ya taka birki, tsakanin bamba da kan yarinyar bai kai kamu biyu ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

To abu na farko da zan gaya maka ɗan'uwa, in dai yawon shan iska ka je, ajiye motar a kan tudu inda ƙasa take da ƙarfi ku ƙarasa da ƙafa, tabarma da kula ɗin abinci ba kaya ne masu nauyi ba. Bakin ruwa wurin zaman mutane ne, yara na gudu ba sa kallon gabansu, wani ya kwanta a yashi ya rufe fuska da hula, masunta sun shanya raga, 'yan noman rani sun ja tiyo daga injin ban ruwa zuwa lambu, makiyaya na gangaro da shanu mashaya, duk wannan kai kana cikin gilas a rufe da AC baka ji baka gani.

Kuma kada ka ɗauka mu kaɗai ke da wannan rigimar, waɗanda ke da tekun ma sun daɗe suna jayayya akai. A Detona da ke jihar Fulorida ta Amurka har tseren mota aka riƙa yi a kan yashin bakin teku kafin su buɗe filin tsere na musamman a 1959, kuma har yanzu ana barin mota ta shiga wasu sassan, amma dubi sharuɗɗan, gudu kar ya wuce mil 10 a awa wato wajen kilomita 16, fitila a kunne, gilashin ƙofar gaba a sauke don kaji motsin mutane, kuma daga watan Mayu zuwa Oktoba lokacin da kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai a yashi ana taƙaita awannin shiga, saboda 'ya'yan in sun ƙyanƙyashe suka faɗa sawun taya basa iya fita su kai ruwa. Duk da wannan tsarin an sha taka mutanen da ke kwance a yashi. Afirka ta Kudu su kuma a 2001 suka kafa dokar hana motocin shaƙatawa hawa gaɓar tekunsu sai mai izini na musamman. Ni a ganina can inda ake da ma'aikata masu tsaye suna lura ma abin bai tsira ba, balle bakin dam ɗinmu da ba mai cewa kowa tsaya. In da za'a tambaye ni, a ware wurin fakin nesa da ruwa, a bar hanya guda ɗaya ga masu lalura, mai kawo kwale-kwale, mai ɗaukar kifi da kayan lambu, da wanda ya ɗauko tsoho ko mara lafiya da ba zai iya takawa ba.

Amma dai nasan akwai ranar da dole ka shiga yashi, ko ƙauyenku sai an ratsa gulbi, ko biki ya kai ka wani gari da hanyar duk rairayi ce kamar yadda take a ƙauyukan arewacin Daura wajen iyakar Nijar. To ga yadda ake yi.

Kafin komai ka sauka ka taka wurin da ƙafarka. Ba wasa nake ba, ka yi tafiya har inda kake son motar ta kai, ka sami sanda ka caka, in ta shige da sauƙi ko ta fito da baƙar laka a jiki to ka haƙura. Ka tambayi mutanen wurin, masunci ko mai lambu ko direban tifa, su suka san inda ruwa ya kwanta bara, kuma a irin halin da ake ciki yanzu ka haɗa da tambayar lafiyar hanya da lokacin da ya kamata ka bar wurin. Ka bi sawun da wasu motoci suka riga suka danne, amma ka lura sawun tifa yana da zurfi, ƙaramar mota in ta shiga ciki cikinta ne zai hau tudun tsakiya tayoyin su rataye. Yashi da safe yafi ƙarfi saboda sanyi da raɓa, da rana ta take sai ya saki kamar gari, don haka inda ka wuce lafiya da ƙarfe takwas ba lallai ka fita da ƙarfe biyu ba.

Sai maganar iskar taya, wadda ita ce rabin aikin kuma ita mutane suka fi rainawa. Yawancin ƙananan motoci gejinsu 30 zuwa 35 ne a kan kwalta, masu faci ma sukan zarce haka in baka hana su ba, taya mai tauri kuwa a yashi haƙa take kamar fartanya. Ka sace iskar duka huɗun ta dawo wajen 18 zuwa 20, zaka ga tayar ta ɗan baje, shimfiɗarta a ƙasa ta ƙaru, motar sai ta riƙa hawa saman yashin maimakon ta nutse. Kada ka gangara ƙasa da 15 don tayar na iya zamewa daga rim musamman in ka murɗa sitiyari da ƙarfi. Wannan ne yasa geji na hannu da ɗan famfon nan da ake jonawa a wurin kunna sigari suke da amfani, kuɗinsu bai kai na kuloci ba. Ka haɗa da shebur, igiyar ja mai ƙarfi, jak, da guntun katako mai faɗi da zaka ɗora jak ɗin akai, don in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse motar na nan zaune.

In ka shiga, hankali kwance. Mai giyar hannu ya tashi da giya ta biyu in motar zata ɗauka, ya saki kuloci gaba ɗaya kada ya riƙa tafiya da rabinshi, mai otomatik ya sa L ko 2, mai ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, ya sa ta tun yana kan ƙasa mai ƙarfi ba sai ya kafe ba. Motocin zamani akwai maɓallin da ke hana taya sulɓi, a yashi kashe shi ake don yana rage ma injin ƙarfi daidai lokacin da kake buƙata. Totur ɗinka ya zama ɗaya, ba ka taka ka saki ba, kada ka canja giya a tsakiyar wuri mai laushi, kwana kuma ka ɗauke ta da faɗi. In zaka tsaya cire ƙafa kawai motar zata tsaya da kanta, birki mai ƙarfi tara yashi yake gaban taya ya zame maka tudu. Ka tsaya hancin motar na kallon hanyar fita. Kuma dan Allah, dan Allah, in akwai mutane a wurin sauke gilas, kashe sauti, tafiyarka kar ta wuce ta mai sauri da ƙafa, ribas kuma kada ka yi shi sai ka zagaya motar da kanka ka duba ko ka sa babba ya tsaya a baya yana maka hannu, madubi baya nuna yaron da ke zaune a ƙasa.

To in ta kafe fa? Da kaji taya na juyawa motar bata gaba, ɗaga ƙafarka nan take, duk daƙiƙa ɗaya da ka ƙara rami kake haƙa ma kanka. Gwada komawa baya a hankali kan sawunka. In taƙi, kowa ya sauka a rage kaya, a kwashe yashin gaban tayoyi da na ƙarƙashin ciki har sai kaga haske ta ɗaya gefen, a ƙara sace iska kaɗan, a tura kafet ɗin ƙafa ko kara ko rassan geza ƙarƙashin tayoyin da ke ja, sitiyari a miƙe, sannan a taka a hankali mutane na turawa. In ciki ya riga ya zauna sai an ɗaga da jak an cika ramin. In kuma ta kai ga ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don haka ba a bamba ko ƙarfen sitiyari ba, a jefa bargo ko buhu a tsakiyar igiyar, kowa ya matsa nesa musamman yara masu son kallo, igiya in ta tsinke ko ƙugiya ta fizge tana iya kashe mutum.

Da damina kuma magana ta canja gaba ɗaya. Gulbin da ka sani busasshe yana iya cikowa alhali ko ɗigo bai sauka inda kake ba, an yi ruwan ne can sama. Mutanen Jibiya ba zasu manta da ambaliyar Yulin 2018 ba da ta ci rayuka sama da 40 cikin dare ɗaya. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30, wato bai ma kai gwiwa ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota, in ya kai 60 har jif yana tafiya da ita, kuma baka san ko ya zaizaye yashin ƙarƙashi ba. Ka jira ya janye ko ka juya, kada ka yi fakin ko kwana a cikin gulbi don ka ganshi a bushe.

'Yan uwanmu masu zuwa Legas ko Kwatano ɗauko mota, in sha'awa ta kai ku bakin teku ku sani shi ruwanshi hawa yake yana sauka kusan sau biyu a yini, inda ka ajiye mota a busasshen wuri bayan 'yan awanni igiyar ruwa na iya iskota tana janye yashin ƙarƙashin taya, ga gishiri da ke cin ƙarfe.

Wani abu da ke ci min rai shi ne masu shigar da mota ko babur cikin dam su wanke da omo, har wani ya juye baƙin mai a wurin. Ajiwa fa ruwan da ake tacewa a turo ma birnin Katsina ne, dabbobi na sha, kifin da zaka saya a kasuwa daga nan yake. Ɗebi ruwa a bokiti ka hau tudu ka wanke can. Haka kwalabe da leda, ka mayar dasu but ɗinka. Kada kuma ka ajiye mota kan busasshiyar ciyawa, salansa mai zafi tana tada gobara.

In ka fito kan kwalta kada ka manta tayoyinka a sace suke, taya mara iska in aka yi gudu da ita zafi take ɗauka ta fashe. Ka buga iska nan take in kana da famfo, in babu ka lallaɓa a hankali zuwa mai faci na farko ka ce ya mayar da ita gejin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. In ka ratsa ruwa ka ɗan tattaka birki sau da yawa kana tafiya a hankali har ya bushe ya kama, in kun isa gida kuma a wanke ƙarƙashin motar a cire laka da yashin da suka maƙale a birki, a buɗe matatar iska a kakkaɓe ta.