Yadda ake lissafa girman filin alwatika mai buɗaɗɗiyar kusurwa

Ɗalibai sun yi ta tambayata a kan alwatikar da kusurwarta ɗaya ta wuce digiri 90. Ga yadda za ka yi:

1. Nemo buɗaɗɗiyar kusurwar. Guda ɗaya ce tak.
2. Ɗauki ɗaya daga ɓangarori biyun da suka haɗu a wurinta, shi ne gindi.
3. Auna gindin da rula. Mu ce santimita 8.
4. Ja gindin ya zarce waje ta gefen buɗaɗɗiyar kusurwar da ɗigo-ɗigon fensir.
5. Daga ƙololuwa, wato kusurwar da ke fuskantar gindin, sauko da layi a miƙe ya faɗa kan ɗigon, ya yi digiri 90.

Hattara! Nan yara suke faɗuwa, abin yana damuna. Wannan layin a wajen alwatikar yake sauka, kuma shi ne tsayi. Ɓangaren da ya karkace ba tsayi ba ne.

6. Auna tsayin. Mu ce santimita 5.
7. Ninka 8 sau 5, ka samu 40. Kada ka haɗa ɗigo-ɗigon cikin gindi.
8. Raba 40 gida biyu: murabba'in santimita 20.